Jan Ludayi da Shuɗin Ludayi

Na ji abin da kuka faɗa shekaranjiya a bakin tashar metro ta Al Rigga, kuna zaton kunnena ya mutu. Wai kamfanin abinci yana ɗaukar ma'aikatan da zai kai kicin ɗin gidan ibadar Yahudawa, wai aikin ba komai ba ne, tunda kosha, wato dokar abincinsu, da halal duk ɗaya ne, a guji alade shi ke nan. Har wani a cikinku ya ce ai ga Baba Haruna nan, shekara tara ya yi yana shan sanyin esi ana biyansa. To ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya ga dama ya riƙe.

Daga Fagge na zo garin nan Dubai da sunan aikin kago, wato lodin kaya. Ina ɗaure kwalaye a Deira har bayana ya ƙi. Wata mata 'yar zangon Kumasi mai aikin goge-goge ce ta ce min ana neman mai wanke-wanke a wani gida can wajen Jumeirah, amma sai mai iya riƙe bakinsa. Gida ne kamar kowane gida a layin: babu allo, babu alama, labule a sake dare da rana. Lokacin ba a fara maganar Yahudawan garin nan a fili ba. Sai da na yi sati biyu kafin na gane cewa babban falon nan mai kujeru jere shi ne wurin ibadarsu, kuma nan suke ɗaukar karatu.

Wadda ta koya min aikin sunanta Madam Rifka, tsohuwa ce gajera 'yar Maroko, Larabcinta da ƙyar nake tsintar rabinsa. Ranar farko ba ta tambaye ni ko na iya girki ba. Ta kama hannun rigata ta kai ni gaban wajen wanke-wanke guda biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Ta nuna na gabas ta ce, "Nama." Ta nuna na yamma ta ce, "Madara." Duk abin da ke ɓangaren nama da ɗigon jan fenti a jikinsa: tukunya, murfi, ludayi, katakon yanka, soso, har tsumman goge hannu. Na madara shuɗi. Abin da ba nama ba kuma ba madara ba, kamar ganye da ƙwai da kifi, nasa kore. Ta ce, "Waɗannan biyun ba sa haɗuwa, ko a tukunya, ko a ruwan wanki, ko a mafarkinka." Wata shida na yi ban taɓa komai ba sai soso.

Fasa ƙwai shi ne aikin farko da ta sakar min. Ku kuna fasa talatin a roba ɗaya kuna hira. A can, kowane ƙwai sai ka fasa shi shi kaɗai a ƙaramin kofin gilashi, ka ɗaga sama, ka duba ta ƙasa da ta gefe. In ka ga ɗigon jini ko da kamar kan allura ne, ka zubar, ka ɗauraye kofin, ka ɗauki na gaba. Latas da faski kuwa sai an jiƙa, an wanke, an bi su ganye ɗaya-ɗaya a kan wata fitila mai faɗi kamar allo, ana neman ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba. Akwai ranar da na yi awa biyu a tsaye kan latas ɗin da aka cinye cikin minti goma. Idon nan nawa na hagu a kan fitilar ya lalace.

Wuta ma ba ni nake kunnawa ba. A dokarsu, abincin da za su ci sai ɗayansu ne ya kunna wutarsa, ni in ɗora in dafa. Wata safiya gas ya ƙare ina tsakiyar suyar albasa. Na canja tulun, na tsaya. Madam Rifka ta fita kasuwa, malaminsu da suke kira Rabai bai iso ba, ga laita a aljihuna. Babu kyamara a kicin ɗin lokacin, babu mai gani. Na zauna a kan buhun shinkafa kusan awa guda albasa tana sanyi a cikin mai, har ta dawo ta murɗa da hannunta. Ba ta ce na kyauta ba. Bayan sati guda dai ta miƙa min makullin ƙofar gefe ta ce in daina jiranta a rana.

Kuskurena mafi girma ranar Juma'a na yi shi, a shekarata ta farko. Ku sani Juma'a ita ce ranar wuta a kicin ɗin, domin daga faɗuwar rana har ranar Asabar da dare ba sa girki, ba sa taɓa makunni. Komai sai an gama kafin magariba an jera a kan wani faffaɗan ƙarfe mai ɗumi da ke kwana a kunne. Na ruga masallaci na dawo a guje, gumi har cikin ido, na tarar miyar nama tana neman kamu. Na miƙa hannu na ɗauki ludayi na juya. Sai da na ɗago shi na ga ɗigon shuɗi. Da safiyar nan na kwashe tafasasshiyar madara da shi.

Ina iya wanke shi in mayar. Na tsaya da shi a hannu, sannan na kira Madam Rifka.

Ta dubi ludayin, ta dubi tukunyar, ta ɗauki waya. Rabai ya zo da rigarsa ta gida, bai ɗaga murya ba, tambayoyi kawai ya yi ta jero min kamar alƙali.

"Yaushe ludayin ya taɓa madara?"

"Yau da safe."

"Da zafinta ko da sanyi?"

"Tana tafasa."

"Har ina ya nitse a miyar?"

Na nuna masa. Ya auna ludayin da ido, ya auna miyar, ya yi lissafinsa, wai sai miyar ta ninka ludayin sau sittin za ta tsira. Ba ta kai ba. Ya ce, "A zubar." Naman nan daga wata ƙasa ake kawo shi a daskare, da hatimi a jiki, wani lokaci a yi wata ana jira. Mutum talatin ke zuwa cin abinci, saura awa biyu rana ta faɗi. Ni na ɗauki tukunyar da hannuna na kai bola. Da na dawo na fara kwance ƙyallen gabana, don na ɗauka aiki ya ƙare. Madam Rifka ta ce, "Ina za ka? Yalla, fere dankali." Muka yi kifi da dankali da shinkafa, muka gama saura minti kaɗan. Da baƙi suka tambayi nama, ta ce musu yau kifi ta ga dama.

Ranar Talata bayan magariba ake karatun manya, kuma saboda shi aka fi buƙatata. Ba yara ba ne. Mutane ne masu furfura, injiniyoyi, likitoci, matan da suka aurar da 'ya'ya, sun taso a ƙasashe daban-daban ba su koyi karatun addininsu ba, sai yanzu suka zo suna haɗa baƙi da wasali. Nakan jera tebur uku in haɗa su kamar ƙofa, kujera goma sha huɗu, in fito da littattafai daga kabad. Littafin ba a ajiye shi a ƙasa, ba a kifa shi, ba a ɗora kofi a kansa. Wanda ya yage ba a jefa shi a shara, akwai akwatinsa daban. Wannan bai ba ni wuya ba, haka muka taso da namu. Shayi kala biyu, ɗaya da na'ana'a, biskit wanda babu madara a ciki saboda wani zai iya zuwa bai daɗe da cin nama ba. Sai ka san wanda ke da ciwon suga, da wadda ba ta zama kusa da esi, da mutum biyun da in ka haɗa su a gefe ɗaya musu zai cinye darasin. Musu kuwa suna yinsa. Layi ɗaya sai su yi awa a kansa, ɗalibi ya ce wa malami bai yarda ba, malamin ya ji daɗi. Farkon zuwana na ɗauka faɗa ne, har na leƙo da tire a hannu.

A cikinsu akwai Mista Dawud, likitan haƙori daga Afirka ta Kudu, ya haura sittin. Matarsa ta rasu a nan Dubai. Akwai addu'ar da suke yi wa mamaci a tsaye cikin jama'a, shi kuma bai iya karanta ta da baƙaƙensu ba, sai an rubuta masa da boko. Abin ya tsaya masa a rai. Kunyar aji yake ji, sai ya riƙa zuwa da wuri ya shigo kicin ya zauna a kan kujerar roba da katinsa na baƙaƙe, yana bi da yatsa daga dama zuwa hagu, ni ina yanka lemon tsami.

"Alef, bet, gimel, dalet," in ji shi.

Na ce, "Likita, ai wannan abajada ce. Mu ma haka muke jera su."

Ya cire tabarau ya ce in maimaita. Na karanto masa abajada hawwaza har ƙarshe. Daga ranar ya daina ce min Haruna, sai Aharon, ya ce sunan ɗaya ne. Wata takwas yana zuwa. Ranar Asabar ɗin da ya miƙe ya karanta addu'ar daga littafi, ina tsaye a ƙofar kicin. Sau biyu ya sarƙe, babu wanda ya yi gaggawar gyara masa. Da aka tashi ya shigo wurina, ya ɗauki burodi ya ci a tsaye.

Ranar Asabar sai mai kunne. Ba za su ce maka kunna esi ba, don bai halatta su sa ka kai tsaye ba. Sai dai ka ji wata ta ce wa bango, "Yau kam akwai zafi." In ka tsaya jiran umarni, tsofaffi su dahu a falo. Ranar Alhamis mata ke taruwa koyon burodinsu mai kitso, ni ke auna fulawa in tankaɗe, in share abin da suka bari, wanda ya fi burodin yawa. Lokacin idinsu na rumfa, ni da Rabai muke ɗaura ganyen dabino a tsakar gida cikin zafin da kuka sani, domin kwana bakwai a ciki ake cin abinci. Kafin idin da ba sa cin abu mai yisti kuwa, sati biyu nake yi ina bin kicin da tafasasshen ruwa da tsinken sakace, ina tono ɓurɓushin burodi daga maƙalar durowa, sannan in sauko da wasu tukwanen daban da ke kulle shekara guda. Wannan shi ne shan esin da kuke faɗa.

Da aka zo aka fara maganarsu a fili, aiki ya ninka. Baƙi daga ko'ina, 'yan yawon buɗe ido, masu ɗaukar hoto. Ranar Juma'a da dare sai mu ciyar da mutum ɗari da ɗoriya. Ana kawo manyan baƙi kicin a nuna ni, a ce ga Musulmi daga Nijeriya da ya fi wasu Yahudawan sanin kosha, a dafa kafaɗata a ɗauki hoto. Albashi bai ninka ba, amma ban yi ƙorafi ba. Ranar Lahadi nakan kawo ragowar burodi fulat ɗinmu na Muraqqabat, mu shida a ɗaki biyu. Alhaji Sule, ɗan kasuwar da ya girme mu duka, mai loda kwantena zuwa Kano, shi ke fara miƙa hannu. Yakan ce, "Malam Haruna, mutanen nan naka sun iya burodi."

Sai shekarar yaƙi ta zo. Ba sai na ba ku labarin abin da kowa ya gani a wayarsa ba. Cikin sati guda aka sake sakin labule. Aka dakatar da karatun Talata, aka koma yinsa ta waya, kowa a gidansa. Teburin Juma'a ya dawo mutum goma sha biyu. Wata daga cikin masu kitson burodi an kashe ɗan 'yar'uwarta, ta zauna a kicin tana kallon kwaɓi har ya kumbura ya zubo. Madam Rifka ta tattara ta koma wurin 'yarta a Faransa. A filin jirgi ta kira ni ta ce, "Kada ka bari su haɗa min tukwane."

A gida kuma, wata Lahadi na ajiye burodi a kan tabarma, babu wanda ya taɓa. Alhaji Sule ya juyo min da wayarsa.

"Malam Haruna, ka ga yaran nan da ake tonowa daga ƙarƙashin gini?"

"Na gani, Alhaji. Ni ma ba na iya barci."

"Amma gari na wayewa ka tafi ka dafa musu."

"Alhaji, waɗanda nake dafa wa tsofaffi ne masu koyon karatu. Ka san su a bakina shekara da shekaru."

"Ban san su ba. Kai na sani, kuma yanzu ban sani ba ko na san ka."

Ba wanda ya kore ni. Washegari dai na tarar an ware min kwanona da kofina a kan taga, nesa da na kowa. Muna sallah sahu ɗaya, amma in an zuba tuwo a faranti babba, ni sai a ɗebar min a nawa. Wata bakwai haka.

Can wurin aiki aka kawo kamfanin tsaro. Aka sa kyamara har a kan murhu. Wata safiya shugaban kwamitin gidan, wani matashi da bai fi shekara biyu da zuwa garin ba, ya ce in kawo makullin ƙofar gefe.

Na ce, "Na yi wani laifi ne?"

"A'a, Haruna, ba kai ba ne. Tsari ne, kowa da kowa."

"Mai share littattafai ma an karɓi nasa?"

Na tambaya ne domin mai share littattafan ɗan'uwansu ne, kuma na ga makullinsa a hannunsa da safiyar nan. Makullin firizar nama bai taɓa shiga hannuna ba tun da na fara aiki, ban kuma taɓa jin haushi ba, don wannan dokar addininsu ce, tana kan kowa irina tun kafin a haife ni. Na ƙofar gefe ba doka ba ce. Na ciro shi daga zoben na ajiye masa a tebur. Daga ranar nake tsayawa a layi a bakin get, a duba jakata, a shafa min na'ura a hammata, a rataya min katin baƙo, in shiga in dafa abin da za su sa a bakinsu.

Da abubuwa suka ɗan lafa aka dawo da karatun Talata, mutum shida ko bakwai. Na ɗauka mun haye. Sai kwamiti ya yanke cewa ya fi musu kwanciyar hankali a ba kamfani kicin ɗin, wanda ma'aikatansa suka bi ta tantancewa, abinci ya riƙa zuwa a rufe da hatimi a ɗumama kawai. Kamfanin da kuke rububin shiga ke nan. Rabai ya yi magana a kaina, na sani, an fi shi yawa. Ya kira ni ofis, idonsa a ƙasa, ya roƙe ni in yi sati biyu ina nuna wa sababbin yadda kicin ɗin yake. Na yi. Na nuna musu komai, har inda ƙwaro ya fi ɓuya a jikin kabeji. Shugabansu yana danna waya yana cewa, "Khalas, baba, ja da shuɗi, mun gane."

Ranar ƙarshe Talata ce. Na jera tebur, na dafa shayi, na haɗa kayana a jaka: silifas, carbi, man zafi, da wuƙata ta yanka ganye. Da kuɗina na saye ta a kasuwar Bur Dubai, na wasa ta har ta rame, ƙotarta ta ɗauki siffar hannuna. A bakin get mai gadi ya ce in buɗe jaka. Ɗan Uganda ne, bawan Allah, umarni aka ba shi. Da ya ga wuƙar ya ja da baya ya kira shugabansa a rediyo. Shugaban ya zo da takarda, ya ce dole ya rubuta rahoto cewa an sami ma'aikaci da makami a harabar gidan. Kun san abin da irin wannan takarda take yi wa bizar mutum a garin nan.

Ana cikin haka Mista Dawud ya iso da littafinsa a hammata. Ya dube ni, ya dubi wuƙar a kan tebur.

Ya ce, "Me ke faruwa? Wannan ai Aharon ne."

Shugaban ya duba takardarsa ya ce, "Babu mai wannan suna a nan."

"Shekara tara yana yanka mana salak da wuƙar nan. Fita zai yi da ita, ba shiga ba. Ka rubuta sunana, ni na tsaya masa."

Suka yi ta yi. A ƙarshe shugaban ya ce ba zai rubuta ba, amma wuƙa ba za ta bi ni titi ba, nan za ta zauna. Na ce na yarda. Na ce wa mai gadin, "In za ku mayar da ita kicin, ku ba su a hannu, ku ce ta ganye ce. Ba ta taɓa nama ba, ba ta taɓa madara ba."

Ya ce to. Ya ɗauke ta da yatsa biyu ya jefa a wani bokitin roba da ke ƙarƙashin tebur, kan laitoci da almakashi da wani cokali mai yatsu da maiƙo ya daskare a jikinsa. Mista Dawud ya riƙe hannuna da hannu biyu. Daga ciki aka leƙo aka ce masa an fara karatu. Ya shiga, ni kuma na cire katin baƙo daga wuyana na miƙa, aka soke sunana a takarda.